Ƙofofi Huɗu a Bayan Saba

Ranar da Yaya za ta zo ta ɗauke min miji, ranar ce kuma manajan maɗaba'a ya ga dama ya ce sai na je na haɗa sabuwar saba, wato babbar kwamfutar wurin. Na ce masa ina da majinyaci a gida. Ya ce ai ya sani, Allah ya ba shi lafiya, amma ranar hutu ce kaɗai injinan buga takardu suke tsayawa. Na so in gaya masa maganar da za ta hana shi cin abincin rana, sai na tuna irin karar da mutumin nan ya yi mana tun da ciwon ya zo, na haɗiye abata. Na yi wa Injiniya wanka, na sa masa rigar sanyi, na tura kekensa zuwa mota. Jakar kayansa tana but ɗin motar, tun da safe na haɗa ta. Na buga wa Yaya waya na ce ta same mu a wurin aiki.

Injiniya shi ne maigidana. Haka na tarar ana kiransa tun ina sabuwar ma'aikaciya, haka kuma na ci gaba da kiransa har a cikin gida, musamman in ina so in ba shi haushi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi tare da shi. Mutumin da in ya fara surutu sai ka roƙe shi ya sha ruwa, yau ga shi zaune, idonsa a kan abin da ba kowa ke gani ba. Hannun hagu ne kawai yake motsi. Can na mayar masa da zobensa na azurfa da yatsun dama suka kumbura, shi ke nan na jawo wa kaina, wuni yake yana buga shi a hannun keke, ƙwas, ƙwas, ba dalili.

Yaya kuwa yayarsa ce, ita ta goya shi, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ba zan yi mata ƙarya ba, tana sonsa. Ta ce gidanta cike yake da mutane, 'ya'yanta maza ƙarti ne, za su ɗaga shi su kwantar, ni kuwa ni kaɗai ce, 'yarmu tana can wurin karatu, bayana ya fara ciwo, in zan fita aiki sai na roƙi maƙwabciya. Duk wannan ina da amsarsa, bakina bai mutu ba. Abu ɗaya ta faɗa da ya kashe min jiki, kuma a hankali ta faɗe shi, tana shafa kansa.

"Ƙanwata, shi fa yanzu ko'ina ɗaya ne a wurinsa. Bai san nan da can ba."

In ya san ni, in ya san gidansa, wallahi ko bayana zai karye ba mai fita da shi. In kuma bai sani ba, to don kaina nake riƙe da shi, ina hana shi hannaye masu yawa. Na tambayi likita, ya gyara gilashi ya ce ba wanda zai iya cewa ga iya abin da yake fahimta, mu dai ci gaba da yi masa magana. Na yi maganar har na gaji da jin muryata. Na kira sunansa, na ba shi labarin maƙwabta, na yi masa tsiya, na yi masa kuka. Ko ƙifta min ido bai taɓa yi ba a inda ya dace. A ƙarshe na ce wa Yaya to.

Ɗakin saba yana ƙarshen wani dogon lungu, bayan ɗakin ajiyar takarda. Ba taga. Kabad ɗin ƙarfe ne dogo a tsakiya, ƙofarsa ta gaba da ta baya duk huda-huda kamar rariya, a ciki na'urori jere kan juna. Gaban kabad sanyi ne mai shiga ƙashi, don na'urar sanyaya ɗaki nan take hurawa. Bayansa kuwa ɗumi ne, nan fankokin na'urori suke fitar da iskar da suka gama da ita. Shi ya sa na zagaya da keken na ajiye shi a baya, na gyara masa bargo a gwiwa. Ba wani tunani na yi ba, gudun mura nake masa.

Ƙarar ɗakin nan ban san yadda zan kwatanta ta ba. Ba ta da ƙarfi sosai, amma tana cinye magana. In ka daɗe a ciki sai ka ji kamar kanka yana ƙarƙashin ruwa, tunani ya riƙa zuwa a hankali yana wucewa, na jiya da na shekarun baya duk su zo tare. Na jawo 'yar kujerata gaban allo, na zauna, na ji ƙanshin sabon ƙarfe da roba. Sai na ga kamar yanzu zai leƙo ta gefen kabad, da biro a bayan kunne, ya ce in matsa in ba manya wuri.

Saba dai babbar kwamfuta ce marar fara'a, ba ta da aiki sai yi wa sauran kwamfutocin gida hidima. A bayanta akwai ƙofofi huɗu, 'yan ramuka ne da ake soka wayar netwok, kowanne da 'yar fitilarsa a gefe. Na riga na soka wayoyin: ta fita waje a rami na farko, ta kwamfutocin ofis a na biyu, na uku na bar shi don ɓacin rana, ta injinan buga takardu a na huɗu. Abin da ya rage shi ne in zauna a gaban allo in tashi kowace ƙofa, in ba ta adireshinta, in gaya mata unguwar da take kallo. To a nan gizon yake. Sunayen da saba take kiran ƙofofinta da su a allo wasu haruffa ne da lambobi marasa kan gado, kuma ba sa bin jerin ramukan. Wanda ya ƙera ta ya jera yadda ya ga dama, ita ma ta lissafa yadda ta ga dama. Ka ba ƙofar ofis adireshin injina, komai zai yi kyau a allo, amma ba na'urar da za ta ji 'yar'uwarta.

Maganin abin shi ne wani ɗan umarni. Ka rubuta shi da sunan ƙofa, ka danna madannin enta da yake aika shi, sai fitilar wannan ƙofar ta fara ƙiftawa a baya, ka je ka ga wace ce. Aikin mutum biyu ne, in kana da na biyun. Ni a gaba, shi a baya, haka muka yi shekaru, a wannan ɗakin da wasu ɗakunan da yawa masu irin wannan sanyin. Da yake ihu ba ya ƙetare ƙarar fanka, sai muka yi namu yaren. In na rubuta umarni, sai in bugi gefen kabad da tafin hannu, wato duba. Shi kuma ya ƙwanƙwasa ƙarfe da zobe: sau ɗaya ramin farko, sau biyu na biyu, haka har na ƙarshe, yana ƙirgawa daga ɓangaren wayar wuta. In kuma ya duba bai ga fitila ba, sai ya ja zoben a kan hudojin ƙofar kabad, ƙirrr, daga sama zuwa ƙasa.

Wannan ƙirrr ɗin ita ce abin faɗanmu. Shi a cewarsa ma'anarta ɗaya ce tak: Gaggawa ba ta danna enta ba. Gaggawa ni ce, sunan da ya liƙa min ke nan. Wai nakan rubuta umarni in bugi kabad tun yatsana bai sauka ba. Sharri ne, ni dai na san sau da yawa madannan ne suke da tauri. Amma ya yayata ni a wurin abokan aiki, ya yayata ni a gida, har 'yarmu in na fito kasuwa na bar jaka a mota sai ta ja cokali a kan faranti. Ranar da ya fara cewa yana sona ma a bayan kabad yake. Na gan shi ta cikin hudoji bakinsa yana motsi, ban ji komai ba, na ɗaga kafaɗa. Sai da muka fito lungu ya ce ai ya gama magana, saura amsa.

Na girgiza kai na dawo cikin hayyacina. Na rubuta umarnin da sunan ƙofar da ya fara fitowa a allo, na danna, na tashi na zagaya da kaina. Fitilar rami na biyu ce take ƙiftawa, 'yar koriya, a natse. Na dubi Injiniya. Kansa a karkace, idonsa wajen kabad, amma ai a gida ma haka yake kallon labule. Na goge masa gefen baki, na ce masa ka ga an bar ni da aikin mutum biyu, kana zaune kana shan ɗumi kamar wani mai gari. Bai motsa ba. Na dawo na ba ƙofar adireshin ofis, na aika 'yar sallama zuwa kwamfutar manaja, ta amsa.

Daga nan ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon allo ba. Tun da ciwon nan ya zo nake wani mafarki, iri ɗaya kullum. Ina tafiya a wani gari da aka gina da wayoyi, shuɗaye da rawaye, sun bi ta saman rufi sun gangara ta bango, kowane gida da 'yar fitila koriya a ƙofa. Na san yana cikin ɗaya daga gidajen, yana magana, har ina jin amon muryarsa a cikin wayar in na taɓa ta. Amma ba a rubuta komai a ƙofofin ba. In ta bi ina sallama, fitilu suna kallona, har in farka. A ɗakin nan, da ƙarar nan a kunnena, sai na ji kamar na koma garin ido biyu. Na yi tunanin ɗakinmu gobe, gadonsa a gyare, ba ƙwas ƙwas ɗin da nake ƙorafi a kai. Na ji tsoron shirun da zan tarar, tsoro sosai.

Na rubuta umarni na biyu, na danna. Na dafa gwiwa zan tashi.

Ƙwas.

Ba a hannun keke ba. Na san ƙarar hannun keke, roba ce, a mace take fita. Wannan ƙarfe ne, ya biyo jikin kabad har ya zo gwiwata. Na tsaya rabi a zaune rabi a tsaye ina jiran na biyu, bai zo ba. Na zagaya a hankali kamar mai gudun tashin jariri. Hannunsa na hagu ya sauka daga kan bargo, yana rataye kusa da ƙofar kabad. Fitilar rami na farko tana ƙiftawa.

Na durƙusa a gabansa na riƙe fuskarsa. Na ce Injiniya, kai ne? Ka gani? Idonsa ya bi ta gefen kunnena ya wuce. Na kira shi da sunansa na yanka, abin da ban cika yi ba. Ba komai. Sai zuciyata ta fara yi min lissafi irin nata na mugunta: hannu ya zame, zobe ya bugi ƙarfe, sau ɗaya ne, ko kyanwa ta wuce za ta iya yin sau ɗaya. Mutumin da yake wuni yana ƙwanƙwasa, dole wata rana ya dace. Na mayar masa da hannun kan bargo, sai kuma na fasa, na sauke shi inda na same shi.

Ina cikin ba ƙofar waje adireshinta aka turo ƙofar ɗakin. Yaya ce, mai gadi ya rako ta. Ta shigo tana naɗe mayafi saboda sanyi, tana tambayar wane irin wuri ne wannan na kawo mata ɗan'uwa, kamar cikin firji. Na gaishe ta, na ce yana baya, can da ɗumi. Ta leƙa ta gan shi, ta dawo ta sa bakinta a kunnena ta ce direba yana jira, gara su kama hanya da sauran rana.

Na ce ta ba ni minti kaɗan. Na ba ta labarin abin da ya faru, a birkice, ina haɗa fitila da zobe da ramuka, na san ba ta gane rabinsa ba. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda zazzaɓi ya hau kansa. Ta ce ai kullum yana bugawa, ni da kaina na sha kai mata ƙara. Na ce wannan daban ne. Ta ce ƙanwata, kar ki wahalar da kanki. Nan raina ya ɓaci, na ce ta tsaya nan ta gani da idonta, saura ƙofa biyu, ta uku da ta huɗu, ni kaina ban san wace ce wace ba, shi zai faɗa. In bai faɗa ba, ga makullin mota, jakarsa tana but.

Na faɗa ne cikin fushi, sai da maganar ta fita na ji nauyinta. Na zauna. Na rubuta umarnin na goge, na sake rubutawa. Na ɗaga hannu na bugi gefen kabad da tafina, bugun da na daɗe ban yi ba, har tafin ya yi zafi.

Muka jira.

Fankoki suna ta aikinsu. Na kafa ido a kan ƙarfen kamar da ido ake jin ƙara. Na ce a raina uku ko huɗu, Injiniya, ko wanne ne, ko ba daidai ba ma, ka dai buga. Can cikin bango wani bututu ya yi ɗan tsaki ya yi shiru. Yaya ta sauya ƙafa. Ban dube ta ba, amma na ji tausayinta yana sauka a kan wuyana, kuma na fi son ta zage ni da wannan. Shirun ya yi tsawo har na daina jira, na fara tunanin ko na sa masa maganin dare a jaka, ko na gaya wa Yaya ba ya son a rufe masa ƙafa. Ta ɗora hannu a kafaɗata. Na laluba aljihu na ciro makullin.

Sai ga ta, daga bayan kabad, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba, daga sama zuwa ƙasa.

Ƙirrr.

Na dubi allo. Umarnin yana nan zaune yadda na rubuta shi, 'yar alamar tana ƙiftawa a ƙarshensa tana jirana. Ban danna enta ba.

Wani abu ya fito daga ƙirjina, ban san dariya ba ce ko kuka, na dai toshe baki da makullin a hannuna. Yaya ta tsorata, ta girgiza ni tana tambayar lafiya, mene ne wannan ɗin, me yake nufi.

Na ce, "Tsiya yake min, Yaya. Cewa ya yi ban danna ba."

Ta ce ban danna me ba. Na nuna mata madannin, na ce ta duba da kyau, na sa yatsa na danna shi a gabanta. Na sake bugun kabad. Wannan karon bai bar mu mun daɗe ba. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ya tsaya. Na riƙe numfashi, don na san hannun nan, na san yadda yake gajiya in ya ɗaga cokali. Yaya ta buɗe baki za ta ce uku, na ɗaga mata yatsa.

Ƙwas.

Ban tashi na zagaya ba. Tun da muke aiki tare ban taɓa zagayawa in duba abin da ya faɗa ba, ba kuma yau zan fara ba. Na ba ƙofar adireshin injinan buga takardu, na tashe ta, na aika sallama zuwa babban injin da ke can ƙasa a cikin duhu, a ƙarshen wayar da na soka a rami na huɗu. Amsa ta fara sauka a allo, layi bayan layi. Na ce wa Yaya injin ne yake cewa ga ni, kuma ta inda ƙaninta ya ce a bi aka bi.

Ta saki kafaɗata ta zagaya baya. Ta cikin hudojin ƙofar kabad, tsakanin wayoyi, na hango ta ta durƙusa a gaban keken da ƙyar, da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta kama hannunsa mai zobe ta kifa goshinta a kai. Bakinta yana motsi. Ban ji abin da take faɗa ba, ɗakin nan ba ya bari, kuma ba nawa ba ne. Shi dai idonsa yana kan fitilar.

Da ta dawo idonta ya yi ja. Ta karɓi makullin daga hannuna, ta juya shi, ta mayar min cikin aljihu da kanta. Ta ce za ta turo min babban ɗanta ya riƙa kwana a wurinmu saboda ɗagawa, kuma kar in kuskura in yi mata musu. Na ce ban isa ba. Ta ce in gama abin da nake yi in fitar mata da ɗan'uwa daga wannan firjin.

Saura ƙofa ɗaya, kuma ko mai gadi ya san ta uku ce. Duk da haka na rubuta umarnin da sunanta. Na danna enta, na sake dubawa na tabbata na danna. Sannan na bugi gefen kabad, na jingina da kujera, na zauna ina jira.